Yadda Ake Tsara Cin Abinci a Waje da Yawon Buɗe Ido a Lokacin Hutu

Yawancin masu tafiya hutu suna kwashe makonni suna neman tikitin jirgi mai sauƙi da otal mai kyau, amma ba sa ba ranakun da za su yi a can ko awa ɗaya ta tunani. Sai an sauka a fara tambayar juna: yau ina muka nufa? Ƙarfe biyu na rana tana yi, ƙafa ta gaji, yunwa ta taso, yara sun fara ƙorafi, sai a faɗa gidan abincin da ya fi kusa da ƙofar wurin da aka je gani. Wannan gidan kuwa, kusan a ko'ina a duniya, shi ne mafi tsada, kuma ba kasafai abincinsa yake yin daɗi ba, domin mai shi ya san baƙon yau ba zai dawo gobe ba.

Maganin abin shi ne a daina raba cin abinci da yawo. A taswira ɗaya ake tsara su, a lokaci ɗaya, tun kafin a bar gida. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: rage jerin wuraren

Ɗauki takarda ka rubuta duk wuraren da kake marmarin gani. Idan ka gama, sai ka yi wa guda ɗaya alama domin kowace rana, wato wanda in ka koma gida ba ka gan shi ba za ka ji tafiyar ba ta cika ba. Shi ne babban wurin ranar. Sauran duk ƙari ne, in an samu lokaci a leƙa, in ba a samu ba babu asara.

Mutane suna ƙin wannan shawara saboda suna ganin sun biya kuɗi masu yawa, dole su ga komai. To, a duba gidan tarihi na Louvre da ke Paris: kayan da aka baje a cikinsa sun kai kusan 35,000. In ka tsaya minti ɗaya tak a gaban kowane, za ka yi fiye da kwana 24 ba barci ba hutu. Babu wanda ya taɓa ganin komai. Wanda ya zaɓi sassa biyu ko uku ya yi awa uku a cikinsu ya fi wanda ya ratsa ginin da gudu yana ɗaukar hoto, ya fito bai iya tuna abu ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Ranar da ka sauka kuma kada ka ɗora mata komai mai nauyi, musamman in akwai bambancin awoyi tsakanin inda ka taso da inda ka sauka, ko in garin yana kan tudu sosai. Birnin Cusco na ƙasar Peru, alal misali, yana sama da teku da kusan mita 3,400, kuma baƙo yakan yi haki da ciwon kai a kwanakin farko. Zagayen unguwar otal ɗinka ya isa a ranar: ka san inda tashar bas ko ta jirgin ƙasa take, da kantin sayen ruwa, da kantin magani.

Mataki na biyu: ranakun rufewa da tikiti

Nan ne ake yawan yin kuka. Kowane babban wuri yana da ranar da ba ya buɗewa, kuma ranakun ba ɗaya ba ne ko a gari guda. A Paris, Louvre a rufe yake ranar Talata, amma gidan tarihi na Orsay da fadar Versailles ranar Litinin suke hutu. A Istanbul, fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi kuma ranar Lahadi. Taj Mahal na Indiya ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Gidajen tarihin Vatican a rufe suke ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar da layi yake zagaye katanga tun da sassafe. Ka shiga shafin intanet na wurin da kansa ka duba, kada ka dogara da abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce. Ka kuma duba ko kwanakinka sun faɗa cikin hutun ƙasa ko wani biki.

Daga nan sai tikiti. Manyan wurare da yawa yanzu suna sayar da tikiti mai ɗauke da rana da lokacin shiga. A Alhambra da ke Granada ta Sifaniya, an rubuta lokacin shiga fadojin ciki a jikin tikitin, in ka makara ya wuce ka, kuma ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa. Gidan Anne Frank na Amsterdam ta intanet kaɗai yake sayar da tikiti, ko ka je da kuɗi a hannu babu inda za ka saya. Ka sayi naka daga shafin wurin na ainihi. Shafukan dillalai sukan fito a saman sakamakon bincike saboda talla suka biya, su ƙara maka kuɗi a kan abu ɗaya. Ka zaɓi lokacin farko na safe in akwai, ka ajiye hoton tikitin a waya yadda ko babu intanet zai buɗe.

Ba ko'ina ake biya ba. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan kyauta ake shiga, haka gidajen tarihin Smithsonian na birnin Washington. Irin waɗannan su ne ake ajiyewa domin ranar da ruwan sama ya ɓata shiri. A wani wurin kuma shiga garin ma sai da kuɗi: birnin Venice ya fara karɓar yuro 5 daga baƙin wuni ɗaya a wasu ranaku tun 2024.

Katin da ake sayarwa na shiga wurare da yawa a dunƙule fa? Lissafi ne kawai. Tara kuɗin wuraren da ka riga ka zaɓa a mataki na farko, ka kwatanta da kuɗin katin. In bai fi sauƙi ba, bar shi, domin da zarar ka saye shi zai riƙa korarka daga wannan gini zuwa wancan don kada kuɗinka su tafi a banza.

Mataki na uku: ɗora abinci a kan taswira

Buɗe manhajar taswira, ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet mai kyau, ka sa alama a babban wurin kowace rana. Sai ka nemi gidajen abinci biyu ko uku da ke da nisan tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙafa daga wurin, su ma ka sa musu alama. Wannan ɗan nisa shi ne sirrin: layi biyu ko uku bayan babban dandali, inda ma'aikatan ofis da masu shaguna suke ci, farashi yakan sauka, girki kuma ya gyaru. Dalilin sa biyu ko uku kuwa, za ka iya tarar da na farko a rufe ko a cike.

Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka ci a wuri, kada yawan taurari ya ruɗe ka. Karanta na watannin baya-bayan nan, ka nemi waɗanda aka rubuta da harshen ƙasar, manhaja za ta fassara maka. Masu ba da taurari uku sun fi masu biyar da masu ɗaya faɗin gaskiya, domin ba su cikin zumuɗi kuma ba su cikin fushi. In kana son abu na musamman ba tare da aljihu ya yi kuka ba, jagoran Michelin, littafin da ke tantance gidajen abinci, yana da wani rukuni da ake kira Bib Gourmand, na gidajen da abincinsu yake da kyau a farashi mai matsakaici. Irin waɗannan sai an kama tebur tun da wuri.

Sai lokutan ci, wanda kowace ƙasa take da nata. A Faransa gidajen abinci da yawa suna ba da na rana daga 12 zuwa 2, su rufe kicin sai wajen 7 na yamma. A Sifaniya ana cin na rana wajen 2, na dare kuma sai 9 ko 10. Wanda ya fito neman abinci ƙarfe 4 a irin waɗannan wurare, gidajen da ke jiran baƙi kawai zai tarar a buɗe.

Shawarata a nan ita ce ka mai da abincin rana babban abincinka. A ƙasashe da dama ana haɗa kwano biyu ko uku da rana a farashi ɗaya mai rahusa, abin da Sifaniyawa suke kira menú del día, Faransawa kuma formule. Kicin ɗaya ne, mai dafawa ɗaya ne, amma da dare kuɗin ya fi haka. Ga shi kuma ka samu wurin zama na awa guda a daidai lokacin da rana ta take, wuraren kallo suka cika maƙil.

Mataki na huɗu: tsarin wunin

Karya kumallo sosai kafin ka fita. Ka isa babban wurin kafin a buɗe ƙofa da kamar kwata, domin motocin da ke kwaso ayarin baƙi sukan fara isowa ne da hantsi. Bayan awa biyu zuwa uku ka fito, ko da akwai sauran abin gani. Ido ma yana ƙoshi kamar ciki. Ka taka zuwa gidan abincin da ka yi wa alama kafin yunwa ta kama ka, ba bayan ta kama ka ba, domin mai jin yunwa ba ya zaɓe.

Bayan abinci a huta. In otal yana kusa a koma a miƙe ƙafa. Yamma kuma ta abubuwan da ba su da tikiti ce: kasuwa, lambu, bakin kogi, tsohuwar unguwa, ko wani tudu da ake hango gari daga kansa lokacin faɗuwar rana. Abincin dare ya zama marar nauyi, kusa da masauki.

In da tsofaffi ko ƙananan yara a tafiyar, da ƙafarsu za a auna komai. A tambayi yawan matakala kafin a sayi tikitin hawa: ƙubbar cocin Saint Peter da ke Vatican matakala 551 ce, ko an hau lif ma da sauran 320 da sai an taka. Takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi, sabo ya jira wata rana. A jaka a sa gorar ruwa, da ɗan abin taɓawa, da batirin cajin waya, da mayafi ko riga mai dogon hannu, domin wuraren ibada da yawa, masallatai da coci-coci da gidajen bauta, ba sa barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga. Masallatan da baƙi suke ziyarta, irin na Sultan Ahmed a Istanbul, sukan dakatar da masu kallo a lokutan salla.

Mataki na biyar: a ƙofar gidan abinci da kan tebur

Tsaya a waje ka duba kafin ka shiga. In mutum yana tsaye a bakin hanya yana jawo hannunka, jerin abincin yana cikin harsuna shida da hotunan da rana ta koɗar, kuma ana dafa abincin ƙasashe biyar a kicin ɗaya, wuce. Gajeren jeri, da 'yan gari a zaune suna ci, da farashi a rubuce a fili, su ake nema. Wurin da babu farashi a rubuce, tambaya kafin ka ce a kawo. Ba abin kunya ba ne.

A kula da abin da ake sayarwa da awo. Na taɓa zama a wani gidan abinci a bakin teku, na ga kuɗin kifi a rubuce na ce wannan ai araha ce. Da takardar biya ta zo sai na gane kuɗin giram 100 ne, kifin kuwa ya kusa kilo. A Italiya kalmar ita ce all'etto. In ka ga irin wannan, ka ce a auna a gabanka a faɗa maka jimilla kafin a ɗora a wuta.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da baƙo yake ɗauka cuta ce alhali tsarin wurin ne. A Italiya ana sa coperto, kuɗin zama na kowane mutum, kuma kofin da ka sha a tsaye gaban kanta ya fi na kan tebur sauƙi. A Fotugal, burodi da zaitun da aka ajiye maka ba ka tambaya ba ba kyauta ba ne, in ka ci za ka biya, in ba ka so sai ka ce a ɗauke. A Faransa kuwa, in ka nemi carafe d'eau za a kawo ruwan famfo a tulu ba ko sisi, amma in ka ce ruwa kawai, na kwalba za a buɗe maka.

Wanda akwai abin da ba ya ci, ko saboda addini ko saboda jikinsa ba ya karɓa, ya rubuta shi a kati da harshen ƙasar ya miƙa wa mai hidima. Ya fi bayani da hannu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, ciki har da gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Mai guje wa naman alade ya haddace sunansa: porc a Faransa, maiale a Italiya, cerdo a Sifaniya, Schwein a Jamus, babi a Malesiya da Indonesiya. Sai dai ba a nama kaɗai yake ɓuya ba. Ana sa kitsensa a wasu burodi da kek, ana dafa romon miya da ƙashinsa, kuma mai hidima zai iya rantse maka babu nama a kwano alhali an barbaɗa yankakken naman alade mai gishiri a sama, don shi a wurinsa kayan ɗanɗano ne. Giya ma tana shiga miya da kayan zaƙi. A girkin Japan ana yawan amfani da mirin, wanda daga giyar shinkafa yake. Saboda haka tambaya ta zama dalla-dalla: da wane mai aka soya, romon na mene ne, an sa giya? In abin ya rikice, gidajen masu cin ganye zalla mafita ce.

Mataki na shida: abincin titi da lafiyar ciki

Kada tsoro ya hana ka abincin titi, sau da yawa can ne ainihin girkin gari yake. Rumfunan abinci na Singafo har UNESCO ta sa su cikin al'adun duniya da ake karewa a 2020. Ka bi inda layi ya fi tsawo, domin abinci ba ya kwana a wurin. Ka ci wanda aka dafa a gabanka yana tururi. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa ne a abincin da ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wato ba sanyin firji ba kuma ba zafin wuta ba, don haka abin da aka jera tun safe yana shan iska, bar shi. Ka kuma lura ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke taɓa abinci.

Ruwa ya danganta da ƙasa, sai ka bincika tun kafin tafiya. Inda na famfo ba shi da tabbas, sha na gora mai hatimi, ka guji ƙanƙara da ɗanyen ganye da aka wanke da ruwan, ka ci 'ya'yan itacen da kai ka ɓare da hannunka. In duk da haka ciki ya ɓaci, abin gudu shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka tafi da ƙullin gishiri da sukari na kantin magani. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da an ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko abin ya kama ƙaramin yaro ko tsoho, asibiti za a nufa. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911.

Mataki na bakwai: biya da tukuici

A yawancin ƙasashen Turai ba a kawo takardar biya sai ka nema, don ana ganin rashin ladabi ne a nuna wa baƙo ƙofa. Kana iya zama rabin awa kana jira kana fushi, su kuma suna ganin karamci suke yi maka. In ta zo, karanta ta layi-layi.

Tukuici shi ne inda ƙasashe suka fi saɓawa. A Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake bayarwa a gidan da aka yi maka hidima a tebur, domin da shi ma'aikatan suke rayuwa, kuma farashin da ka gani a jeri ba a haɗa da haraji ba. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, ɗan canji ya wadatar. A Landan sukan ƙara kashi 12.5 a takardar, in ka gan shi ba sai ka daɗa ba. A Japan ba a bayarwa sam, mai hidima zai iya biyo ka da kuɗin a zaton mantawa ka yi.

In za ka biya da kati, na'ura takan tambaya: da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake? Zaɓi na ƙasar da kake, kullum. Ɗaya zaɓin yana ba kamfanin na'urar damar yanka maka nasa farashin canji, wanda kusan ko yaushe ya fi na bankinka tsada. Kada ka bari a tafi da katinka inda ba ka gani, kuma ka riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda kasuwa da rumfunan titi.

Abubuwan da ke ɓata wuni

Masu yankan aljihu suna aiki ne inda hankalin kowa ya tafi sama: bakin ƙofar jirgin ƙasa, cikin layi, gaban abin kallo. Jaka ta dawo gaba, waya kada ta kwanta a kan tebur a waje, fasfo kuma ya zauna a otal in dokar ƙasar ba ta ce a riƙa yawo da shi ba. Wanda ya tare ka a hanya ya ce wurin da za ka a rufe yake yau amma zai kai ka wani, gode masa ka ƙarasa ƙofar ka gani da idonka. Ɗan jagora ko direban tasi marar mita, a gama ciniki kafin a tashi, a kuma fayyace ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na kowa.

Dokokin gari ma suna cin baƙo tara. A Roma an hana zama a kan matakalar nan da ake kira ta Sifaniya tun 2019. A jirgin ƙasan Singafo, ci ko sha yana iya jawo tarar da ta kai dalar ƙasar 500. Ɗaukar hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro laifi ne a ƙasashe da yawa, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma har ɗaukar mutum ba da izininsa ba. Cikin ɗakin ibada na Sistine da ke Vatican an hana hoto baki ɗaya.

Kowane dare kafin ka kwanta, ware wa shirin gobe minti goma: duba hasashen yanayi, tabbatar da lokacin da ke kan tikiti, duba hanyar da za ka bi da tsawon lokacinta, sa waya a caji. In ka ji jiki ya yi nauyi, sauya ranar da wata marar tikiti. Ranar ƙarshe kuma kada ka sa mata wuri mai nisa ko abincin da cikinka bai taɓa gwadawa ba, domin akwai awoyi a kujerar jirgi suna jiranka.